Daga lalitar waya zuwa kasuwar Guna: Ina kuɗin kirifto ke maƙalewa?

Duk matashin da ke riƙe da babbar waya a Damagaram, Maraɗi, Katsina ko Kano, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin tallace-tallacen nan a WhatsApp, TikTok ko Telegram ba. Wani ya ce a tura sadaka da kuɗin kirifto, za ta isa ga mabuƙaci cikin minti ɗaya, banki bai ci ko sisi ba. Wani ya ce lokaci ya kusa da za a riƙa yin cefane da shi. Sabon yayi kuma shi ne, wai mutum zai iya ba da hayar sararin da ya rage a ma'ajiyar kwamfutarsa, kuɗi su riƙa shigo masa yana barci.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake ƙarya tsagwaronta. Akwai ƙungiyoyin agaji na duniya da ke karɓar kirifto, akwai shagunan da ke sayar da kaya da shi, akwai kuma kamfanonin da ke biyan mutane kuɗin hayar ma'ajiya. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, kowane ɗaya yana tsaye ne a kan wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da intanet mai araha, da kuma wani mutum a ƙarshen hanya da zai yarda ya karɓi lambobin da ke cikin waya ya miƙa takardun kuɗi.

Wuri irin Guna ya isa a auna wannan magana da shi. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirriya, cikin jihar Damagaram, ba ta da nisa da birnin Zinder. Kamar sauran garuruwan yankin, da damina ana noman gero da dawa da wake, da rani kuma matasa da dama su kama hanyar ci-rani, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Abin da suke turowa gida shi ne ke cike giɓin da rumbu ya bari. Idan kirifto zai amfani talakan ƙasar Hausa, irin wannan gida ya kamata ya fara amfana.

Yadda hanyoyin kuɗi suka tsuke

Ba a banza batun ya samu kunnuwan saurare ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar, ta dakatar da hada-hadar kuɗi da ita, Najeriya kuma ta katse wutar da take ba ta, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Zinder da Maraɗi sun ji a jikinsu, domin layin da ke kawo musu wuta daga Katsina yake tasowa ya bi ta Gazawa. Bankuna sun taƙaita abin da mutum zai iya cira. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkuman.

A ɗaya gefen iyakar kuma naira ta yi mummunar faɗuwa. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ɗan ci-ranin da ke ga-ruwa ko gadi a Kano ya wayi gari abin da yake tarawa a wata, idan aka mayar da shi sefa, bai kai rabin na da ba.

Sannan ga tsadar aika kuɗi. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa Afirka kudu da Sahara ce yankin da ya fi ko'ina tsadar tura kuɗi a duniya, inda ake cin kusan kashi 8 cikin 100 na duk dala 200 da aka aiko. Wanda ya ji an ce akwai hanyar da za ta kauce wa banki da iyaka da takunkumi, dole ya tsaya ya saurara.

Sadaka: ta yi aiki, amma a ina?

A wannan fannin ne kirifto ya fi samun hujja. A 2017 wani mutum da ya ɓoye sunansa ya kafa asusun da ya kira Pineapple Fund, ya raba bitcoin sama da 5,000, kimanin dala miliyan 55 a farashin lokacin, ga ƙungiyoyin agaji kusan 60. A watan Oktoban 2019 hukumar UNICEF ta buɗe asusun karɓar bitcoin da ether. A azumin 2018 wani masallaci da ke unguwar Hackney a birnin Landan ya sanar da cewa zai karɓi zakka da sadaka da kirifto. A kusa da gida kuma, lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, da aka toshe wa ƙungiyar Feminist Coalition hanyoyin karɓar gudummawa ta banki, sai ta koma karɓar bitcoin, tallafi kuma ya ci gaba da shigowa.

Akwai abu guda da ya haɗa duk waɗannan misalai. Masu karɓar kuɗin ƙungiyoyi ne da ke zaune a manyan birane, suna da ma'aikatan da suka san yadda ake sayar da kirifto a mayar da shi dala ko fam ko naira. Mabuƙacin da ke ƙarshen layi ba bitcoin ya gani ba. Abinci ya gani, ko magani, ko rijiya.

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gwada tura kirifto kai-tsaye zuwa wayar mabuƙata a Yukren a Disambar 2022, da wani nau'i mai suna USDC wanda darajarsa ke ɗaure da dala. Ya yi aiki, domin mutanen na da manyan wayoyi, sannan an ƙulla yarjejeniya da kamfanin MoneyGram yadda kowa zai shiga reshe mafi kusa ya karɓi tsabar kuɗi. Ba fasahar ce kaɗai ta kai tallafin ba, har da tagar da ake biya.

To, a ɗauko wannan a kawo shi Guna. A ce wani ɗan garin da ke aiki a ƙasar waje yana son tura wa mahaifiyarsa abin sayen hatsi, ko ya taimaka a gyara ginin da ruwa ya rusa. Zai sayi USDT, wato kirifton kamfanin Tether da ke bin farashin dala, ya biya kuɗin tura shi. Mahaifiyar ba ta da lalitar kirifto, ƙila ma wayar tata ƙarama ce ta kira kawai. Don haka sai a nemi wani ƙane ko ɗan'uwa a Zinder da ke da manhajar. Shi kuma zai nemi ɗan kasuwar da zai sayi USDT ɗin a cinikin hannu da hannu, a farashin da ɗan kasuwar ya ga dama. Daga nan a zuba masa sefa ta Airtel Money ko Moov ko Zamani, ko a tura ta NITA ko Amana ko Al Izza, a je taga a cira, a biya kuɗin cira, a ba direba ko mai babur ya kai gida.

Wato dai kirifto ya tsallake teku da sahara cikin daƙiƙoƙi, amma zangon ƙarshe tsohuwar hanya ya bi. A kowace gaɓa akwai wanda zai ɗan gutsura, akwai kuma wanda dole a amince masa ba tare da takarda ba. Wani lokaci jimillar abin da aka ci ba ta kai ta kamfanonin aika kuɗi ba, musamman idan kuɗin na da yawa ko kuma ƙasar da aka turo daga cikinta ba ta da hanyar hukuma mai sauƙi. Wannan riba ce ta gaske, bai kamata a raina ta ba. Amma tambayar da ta dace mai aikowa ya yi ba ita ce minti nawa aka ɗauka ba. Ita ce sefa nawa suka shiga hannun tsohuwa.

Nijar ma tana da nata darasin tun kafin a san kirifto a nan. Bayan farin 2009 zuwa 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, kimanin sefa 22,000 a wata har tsawon wata biyar. Wasu gidaje an ba su hannu da hannu, wasu kuma ta waya, da tsarin Zap na kamfanin Zain. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta jagoranta ya gano cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, saboda matan ba su ɓata yini a layi da tafiya ba, kuma sun fi samun ta-cewa kan yadda za a kashe kuɗin. Amma sai da aka raba wa mutane wayoyi, aka koya musu amfani da su, aka kuma tabbatar akwai wakilin da zai biya su a kusa. Kuɗin kuma sefa ne, wanda mai hatsi ya sani.

Buƙatar tallafin kuwa ƙaruwa take yi. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma a ranar 3 ga Satumban shekarar tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Zinder, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta. A daidai wannan lokaci ƙungiyoyin agaji na waje raguwa suke yi: gwamnati ta janye lasisin ACTED a Nuwambar 2024, ta umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fice a Fabrairun 2025, Amurka kuma ta rufe mafi yawan ayyukan USAID a shekarar. Nauyin ya ƙara komawa kan 'yan'uwa da ke waje.

A nan ne 'yan damfara ke samun ƙofa. Adireshin lalitar kirifto jerin haruffa da lambobi ne kawai, ba ya ɗauke da sunan kowa. Kowa na iya ɗaukar hoton rusasshen gida ko na yaro a gadon asibiti, ya liƙa adireshinsa a ƙasa. Ana yawan cewa kundin da ake rubuta hada-hadar kirifto a buɗe yake, kowa na iya dubawa. Haka ne, amma abin da kundin ke nunawa shi ne kuɗi sun tashi daga wannan adireshi zuwa wancan. Ba ya nuna ko an sayi buhun gero. Kuma abin da aka tura ya tafi ke nan, babu ofishin da za a je a ce a dawo da shi.

Akwai kuma matsalar hawa da saukar farashi. A Mayun 2021 Vitalik Buterin, wanda ya ƙirƙiro Ethereum, ya ba wani asusun yaƙi da korona a Indiya kyautar kirifton Shiba Inu da aka ƙiyasta a kan kusan dala biliyan ɗaya. Labarin na fita farashin ya rikito, abin da asusun ya iya fitarwa daga baya bai kai wannan adadi ba. Su ma masu ɗaure da dala ba duka ne abin dogaro ba: a Mayun 2022 wani mai suna TerraUSD ya wargaje cikin 'yan kwanaki.

Malamai ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba. Hukumar addini ta Turkiyya a 2017, da Muftin Masar Shawki Allam jim kaɗan bayan haka, da Majalisar Malaman Indunusiya a 2021, duk sun hana amfani da shi a matsayin kuɗi, suna kafa hujja da rashin tabbas da kama da caca, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da ke da rajista. Ko ga wanda ya bi masu halattawa, zakka ba ta sauka daga wuyan mai ita sai ta zama mallakar wanda ya cancanta. Lambobin da ke cikin wayar wani ɗan'uwa a birni ba su zama mallakar tsohuwar ƙauye ba tukuna.

Cefane: kuɗi sai wanda mai tiya ya karɓa

Damagaram ta ga kuɗi iri-iri, ta kuma ga mutuwar wasu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ɗan ƙwanson nan da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya, ya ratso duniya ya zama abin ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa. A 1851 ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano. Da Turawan Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar suna zubawa a Afirka ta Yamma, sai darajarsa ta dinga zubewa, har ta kai ɗaukar kuɗin ya zama wahala ga jaki.

A watan Janairun 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, yana zaune a Zinder yana jiran saƙo daga arewa. Saƙon ya iso: dalar azurfa 1,000, an ɓoye su a cikin akwatunan sukari biyu don kada idon jama'a ya kai kansu. Amma azurfar ba ta isa ta kai shi Timbuktu ba. Sai da ya shiga kasuwa a Zinder da Katsina ya mayar da kaso mai yawa alkyabba da rawani da sauran hajar da mutanen gaba za su karɓa.

Kuɗin Faransa kuma ba don kyansu suka kori wuri ba. Faransawa da suka kama Zinder a 1899 sun riƙa neman haraji da kuɗinsu, dole kowa ya neme su. Har gobe kuma bakin mutane na riƙe da tsohon lissafi: a Nijar idan aka ce dala ana nufin sefa biyar ne, jika kuma sefa dubu. Mai tallar kirifto da ya shiga kasuwar ƙauye yana cewa za a samu dala goma a rana, ya fara bayyana wace dalar yake nufi.

A yau sefa ce kaɗai kuɗin da doka ta tilasta a karɓa a Nijar, babban bankin BCEAO ne ke buga ta, kuma tana ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 ga yuro ɗaya. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 bai canza wannan ba. Wannan ɗaurin, duk da sukar da yake sha a siyasance, ya sa ɗan Nijar bai da irin dalilin da ya kora 'yan Najeriya zuwa USDT. A Najeriya, wadda kamfanin Chainalysis ya sanya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, mutane da dama gudun faɗuwar naira suke yi, wasu kuma 'yan kasuwa ne da ke biyan masu kaya a Sin ko Dubai. Ba tumatur suke saye da shi ba.

Mai sayar da gero a kasuwar Mirriya ko mai shago a Kasuwar Dole zai sari kaya gobe da sefa, ya biya mai amalanke da sefa, ya biya haraji da sefa. A kasuwannin kan iyaka, wajen Magarya da Matamai, ana karɓar naira saboda akwai inda za a kashe ta a Mai'aduwa ko Maigatari. Kirifto bai da irin wannan zagaye. Ƙasashe biyu sun gwada tilasta shi da doka. El Salbado ta mayar da bitcoin kuɗin ƙasa a Satumban 2021, ta cire tilascin karɓarsa a farkon 2025 don samun bashin asusun IMF. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta bi sahu a Afrilun 2022, a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su da wuta ko intanet, ta janye kafin a cika shekara.

'Yan ci-rani kuma su san dokar inda suke. Aljeriya ta haramta saye da sayarwa da mallakar kirifto tun a dokar kasafin kuɗin 2018, babban bankin Libiya ma ya hana a shekarar. A Najeriya an hana bankuna taɓa shi a Fabrairun 2021, aka sassauta a Disambar 2023, aka tsare jami'an Binance a Fabrairun 2024 har kamfanin ya daina hulɗa da naira, sannan dokar hannayen jari ta 2025 ta amince da shi ƙarƙashin sa idon hukumar SEC. Baƙon da takardunsa ba su cika ba, bai kamata ya ƙara wa kansa wani laifin a waya ba.

Hayar rumbun kwamfuta

Tunanin mai sauƙi ne, manomi ma zai gane shi. Mutum na da rumbu, hatsinsa bai cika shi ba, sai ya ba maƙwabci hayar sauran wurin. Kamfanoni irin su Storj da Sia da Filecoin suna karɓar bayanan abokan cinikinsu, su kulle su yadda ba mai iya karantawa, su daddatsa su, su rarraba gutsattsarin a faifan ajiya na dubban mutane a faɗin duniya. Mai faifan ana biyan sa da kirifton kamfanin. Sana'a ce ta gaske, kuma ta fi yawancin abin da ake tallatawa ma'ana, domin akwai aikin da ake yi, akwai mai biya.

Sai dai a zo ga lissafi. A farashin da Storj ya sanya a ƙarshen 2023, ana biyan dala ɗaya da rabi ta Amurka a wata kan kowane terabayit ɗaya, wato giga dubu, na bayanan da aka ajiye. Wannan bai kai jika ɗaya ba. Kuma ba sararin da mutum ya ware ake biya ba, sai wanda aka cika, cikawar kuma kan ɗauki watanni ko shekaru. A watannin farko kamfanin na riƙe kashi 75 cikin 100 na abin da aka samu a matsayin jingina, ya riƙa rage riƙon sannu a hankali. Sharaɗi mafi tsauri shi ne na'urar ta kasance a kunne, tana kan intanet, sama da kashi 99 cikin 100 na lokaci. A wata guda, duk ɗaukewar da aka yarda da ita ba ta wuce awa bakwai ba. Wanda na'urarsa ta daɗe a kashe ana dakatar da shi, idan abin ya yi tsawo a kore shi, jinginar ta bi ruwa.

A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba, wannan sharaɗin kaɗai ya rufe maganar ga mafi yawan gidaje. Ko a cikin Zinder, wanda ya san yadda wuta ke yi a watan Afrilu da Mayu ya san awa bakwai na iya tafiya a yini ɗaya. Zafin da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu kuma ba abokan faifan da ke juyawa dare da rana ba ne.

A ce an shawo kan wuta da sola da batir. Saura intanet. Bayanan da za a ajiye ta layin mai faifan za su shigo, ta nan kuma za su fita duk lokacin da mai su ya nema. Ko da a ce giga ɗaya sefa 200 ne kacal, cika terabayit ɗaya da datar waya zai ci sefa 200,000, don a riƙa samun abin da bai kai 1,000 ba a wata. Sai an shekara fiye da 16 kafin kuɗin datar farko su dawo, faifan kuwa da wuya ya kai wannan shekaru. Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a Maris ɗin 2025, ya kawo intanet marar ƙidayar giga, amma kuɗin wata ya haura sefa 20,000, ban da kuɗin sayen na'urar. Sai mutum ya cika sama da terabayit 20 kafin hayar ta biya kuɗin layin kaɗai.

Shi kansa Storj yana shawartar mutane kada su sayi sabbin na'urori don wannan harka, su yi amfani da abin da dama yake kunne yana wani aikin. An tsara ta ne don wanda ke da layin intanet na gida marar iyaka da kwamfutar da ba a kashewa, a Jamus ko Amurka, wanda ɗan abin da zai samu ƙari ne kawai. Ɗan Damagaram da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe zai iya gwadawa, ya samu na shan shayi. Filecoin kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya: yana buƙatar manyan na'urori da jinginar kuɗi mai yawa.

An taɓa yin rububin wannan harka. A 2021 Bram Cohen, wanda ya ƙirƙiro BitTorrent, ya fito da kirifton Chia da ake samu ta hanyar cika faifai. Farashinsa ya haura dala 1,000 a watan Mayun shekarar, mutane suka yi wa shagunan faifai wawaso a Sin da Biyetnam har ya yi ƙaranci. Daga baya farashin ya faɗi da sama da kashi 95 cikin 100, aka koma sayar da faifan a kasuwar gwanjo.

Wayar hannu kuwa ba ta cikin lissafin sam. Giga 64 ko 128 da ke cikinta, ko da za a karɓa, hayarsu a wata ba ta taka kara ta karya ba, kuma kamfanonin gaske ba sa aiki da waya. Duk manhajar da ta ce za ta yi hayar memorin waya, amma sai an fara zuba kuɗin rajista ko an kawo mutum uku, ba haya take yi ba. Kuɗin sababbin shiga take ba tsofaffi, irin na MMM da ya rufe da kuɗin 'yan Najeriya a Disambar 2016, da CBEX da ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ya ɓace a Afrilun 2025, har fusatattun mutane suka fasa ofishinsa a Ibadan.

Waɗanda ba su nemi kuɗi ba ma sun ci wani abu. A 2024 matasan arewacin Najeriya da kudancin Nijar sun kwashe watanni suna dannan fuskar waya a wasan Hamster Kombat, wanda masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 300. Da aka raba kuɗin a ranar 26 ga Satumba, da yawa abin da suka samu bai wuce 'yan daloli ba, bai biya data da cajin da suka kashe ba, yayin da masu wasan suka tara mabiya da kuɗin talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Pi, wanda aka fara latsawa tun 2019, wasu har suna yaɗa cewa kowane ɗaya zai kai dala 314,159, ya shiga kasuwa a ranar 20 ga Fabrairun 2025, ya taɓa kusan dala uku, sannan ya gangaro ƙasa da dala ɗaya.

Farantin sola da batirin da za su riƙe kwamfuta a kunne dare da rana a Guna suna da wani aikin da aka riga aka sani a kowace kasuwar ƙauye. Mai cajin waya da ke karɓar sefa 50 a kan kowace waya, idan ya caja 20, ya haɗa jika ɗaya kafin la'asar, fiye da abin da cikakken terabayit zai kawo a wata, kuma a hannu ake ba shi.